Furen Roba a Baƙi'a

Da aka tashi daga zaman makokin Shafa'atu, masu hayar kujeru suka kwashe kayansu, sai 'yarta Nadiya ta ɗauko manyan ledojin shara ta fara da falo.

Aikin ba ƙarami ba ne. A duk unguwar Aƙiƙ ta birnin Annabi babu gidan da ya kai nasu furen roba. Akwai a kan talabijin, akwai a saman firij, akwai wani dogon reshe kore shar da ya zagaye agogon bango ya sauko har kan makunnin fitila. Ga wardi shuɗi, irin wanda ƙasa ba ta taɓa fitarwa ba, da ɗigon gam a jikinsa wai raɓa ce. Ga ja mai ƙyalƙyali da ke zuba a kafet ya bi ƙafar baƙo har gidansu. Sai uban tafiyar, wani fure ruwan lemo mai faɗin farantin tuwo, a kan kara mai tsawon hannu, wanda marigayiyar ta sayo a wani shagon kayan araha a wajen Bi'ir Ali, ta rungumo shi a mota kamar jariri.

Nadiya ta karanci tsara adon cikin gida a jami'a, ta fita da sakamakon da ya sa malamanta suka daina tambayarta asalinta. Yanzu zaurukan biki take ƙawatawa, ita ke shirya dandamalin da amarya ke zama. Furen da take aiki da shi ma ba na gaske ba ne, amma na siliki ne, ruwan madara, ruwan ƙasa, launukan da ba sa ɗaga murya. A wurinta bambancin wannan da wancan shi ne bambancin mai tarbiyya da mai ihu a kasuwa.

Ta daɗe tana haƙuri da furannin nan. Tana sakandare wata 'yar ajinsu ta raka ta gida, washegari makaranta ta cika da labarin cewa falon 'yan takari kamar motar amarya yake. Nadiya ba ta yi kuka ba, ba ta kuma daina ɗaga kai ba. Ta dai daina gayyatar kowa, ta kuma tabbatar yarinyar ba ta sake zuwa gabanta a jarrabawa ba. Da ciwon ƙoda ya kwantar da Umma, ita ce mai kai ta asibiti wankin ƙoda, ita ce mai dawo da ita a jigace, ita ce mai auna ruwan da za ta sha. Kuma kowace Juma'a, saboda Umma ba ta iya tsugunawa, ita ce mai tara furannin a baho, ta wanke su da sabulu ɗaya bayan ɗaya, ta shanya a saman soro inda duk maƙwabta ke gani.

"Ba su yi kyau ba, 'yar jami'a?" Umma kan tambaya daga kan gado.

"Ba su yi ba, Umma."

"To, a mayar da na lemon kusa da taga."

Haka suka yi ta yi har ƙarshe. Nadiya ba ta taɓa cewa sun yi kyau ba, Umma kuma ba ta taɓa fasa tambaya ba.

Tana cikin cusa wardin shuɗi a leda ta biyu sai Hala Ruƙayya, ƙanwar marigayiyar, ta fito daga kicin da kofin shayi.

"Ke Nadiya, me nake gani haka?"

"Shara nake kwashewa, Hala."

"Shara. Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba kin fara kiran kayanta shara."

"Tana raye ma haka nake kiransu, a gabanta."

"Ai shi ya sa take cewa karatu ya wanke miki ido har ya koɗe." Hala ta ajiye kofin, ta zura hannu cikin leda har kafaɗa, ta zaro na ruwan lemon, ta karkaɗe shi. "Wannan dai ba inda za shi. Da shi ta yi hoto ranar da kika gama makaranta."

"Na sani. Kin taɓa ganin na nuna wa wani hoton?"

Hala ta soke furen a bayan ƙofa, ta juya masa fuska wajen falo, ta koma ga shayinta.

Gaskiyar magana, ba furannin ke cin Nadiya ba. Abin da ke cinta shi ne ba ta san inda uwarta take ba. An yi wa Shafa'atu salla a Masallacin Annabi, maza suka ɗauke ta a kafaɗa suka shiga maƙabartar Baƙi'a, kowa yana ta cewa ta yi dace. Nadiya ma ta yarda ta yi dace. Amma mata ba sa shiga Baƙi'a, iyakarsu bakin katanga, su leƙa ta tsakanin ƙarafuna. A ciki kuma babu suna, babu rubutu, babu gini, babu ado. Tudun ƙasa ne da dutse a kai, wannan kamar wancan, har iyakar ganin ido. Mahaifinta ma can yake tun tana ƙarama, kuma yau ko za a yanka mutanen gidansu babu mai iya nuna inda aka sa shi. In ta yi masa sallama, fili kawai take yi wa. Ta yi rantsuwa a ranta ba za a maimaita mata wannan da Umma ba.

Mutum ɗaya ne ya san wurin: yayanta Walid, wanda ya sauka cikin kabarin da kansa. Shi kuma ya samu aiki a garin Yanbu, ƙarshen mako zai tafi. Walid yana jin Hausa sarai, amma sai dai ya mayar da amsa da Larabci, sai in an ƙure shi.

"Yaya," ta ce, kuma ba ta kiransa haka sai da dalili, "gobe bayan la'asar za ka shiga ka tsaya a kan Umma. Ni ina katanga. Ina so in ga wurin."

"Ki yi mata addu'a daga nan, tana isa."

"Ban tambaye ka fatawa ba. Ka tuna wurin ko ka manta?"

"Na tuna. Akwai kwanar hanya, dutsen kanta kuma a tsage yake. Amma kullum sababbi ake kawowa, ya Nadiya, wurin yana canja kama."

"To ka ga dalili."

Washegari suka je, har da Hala, wadda ba a gayyata ba. Maza suka kwarara ta ƙofa. Nadiya ta zagaya ta samu gurbi a katanga ta ɓangaren da Walid ya ce, tsakanin wasu mata baƙi da ke kuka da harshensu. Ta manna fuska a ƙarfe, waya a kunne. Rana ta karkata amma ƙasa tana huci. Tattabaru sun rufe tuddan kamar an shimfiɗa bargo mai toka.

"Na iso," in ji Walid a waya. "Kin gan ni? Ina sanye da farar riga."

Nadiya ta rufe ido ta buɗe. A filin nan akwai maza ba iyaka, kuma ban da 'yan tsiraru duk farar riga ce a jikinsu.

"Walid, kana jin abin da bakinka ke faɗa?"

"Ɗayyib, to, bari in ɗaga hannu. Na ɗaga."

Ta duba. Ko'ina hannuwa ne a sama, kowa yana yi wa nasa addu'a.

"Ga shi can," in ji Hala, tana nuni da ƙarfin gwiwa. "Wancan mai tumbin."

"Walid ba shi da tumbi, Hala."

"Daga nesa kowa yana da shi."

"Ka yi tsalle," Nadiya ta ce a waya.

"A maƙabarta? Kin haukace?" Wannan da Hausa ya faɗe shi.

Suna cikin haka aka fara sallamar mutane don rufe ƙofa. A mota Hala ta yi ta ba direban tasi labarin yadda marigayiya ta iya dambun nama.

Nadiya ba ta saba barin abu a rabi ba. Da safe ta je ɗakin ajiyar wurin aikinta ta zauna da almakashi da siririyar waya. Ta haɗa reshe ɗaya, ƙarami, wanda zai shiga aljihu: furen siliki ruwan ƙasa mai ɗan duhu a gefe, ganye biyu ruwan toka, babu ƙyalli ko ɗigo. Abu ne mai kunya, mai mutunci, wanda ba zai ci wa kowa fuska a wurin matattu ba. Ta daɗe ba ta yi aikin da ya gamsar da ita kamarsa ba.

Walid ya juya shi a tafin hannu kamar an ba shi kunama.

"Mamnu' ne. Kin san an hana. Ba a sa fure a kabari, ba al'adarmu ba ce, kuma malamai sun yi magana."

"Ban ce ka bar shi ba. Ka soke shi gefen dutsen, in gani, ka cire."

"In wani ya gan ni fa?"

"Don kada a gan ka na yi shi haka. Ka duba launin. Aikina ke nan."

Hala ta karɓa ta kai kusa da hanci. "Wannan fure ne ko busasshiyar kuɓewa?"

"Siliki ne, Hala."

"Allah sarki. Shi ma rasuwa aka yi masa?"

Bayan la'asar suka koma. Gurbin jiya wata ta riga ta, sai da Nadiya ta yi ta ba da haƙuri da Larabcin makaranta kafin a matsa mata. Waya ta yi ƙara.

"Na soke," Walid ya ce ƙasa-ƙasa. "Yi sauri."

Ta duba. Ta ƙanƙance ido. Ta ɗaga wayar ta jawo hoton kusa har ya dagule. Ƙasa, dutse, tattabara. Ƙasa, dutse, ƙafar wani.

"Ina?"

"Ga shi a gabana. Ni ma da na ɗauke kai sai da na sake nemansa."

Hala ta yi wani sauti a maƙogwaro wanda ba tari ba ne.

Ta wayar Nadiya ta ji wata murya ta manya tana magana a hankali, ta ji Walid yana cewa na'am, na'am, a yi haƙuri, yanzu zan ɗauke. Ɗaya daga cikin masu kula da wurin ne. Shi da yake tsaye a kusa ya gani. Ita da aka yi domin ta ba ta gani ba.

A gida Walid ya ajiye reshen a kan tebur, ya ce halas, wato shi ke nan, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, jibi da asuba zai kama hanya, kuma ba zai sake tsayawa wani dattijo yana yi masa nasiha kamar yaro ba. Ya shiga ɗaki ya fara haɗa jaka.

Nadiya ta zauna a falon da ta kwashe. Bangon ya yi fari tas, yadda ta daɗe tana so, sai 'yan tabon da reshen agogo ya bari. Ta ɗauki furen silikinta ta duba. Babu aibi a jikinsa ko ɗaya. Ta yi shi don kada a gan shi, kuma ba a gan shi ba. Haushin da ta ji ba ta da wanda za ta sauke wa, wannan ya ƙara masa zafi.

Ta ɗaga kai, sai idonta ya faɗa bayan ƙofa. Yana nan inda Hala ta soke shi, ya baje fuska, ruwan lemo mai kashe ido. Ta tuna in ta shanya shi a soro, tun daga bakin titi take hango shi idan ta dawo daga kanti, ta sunkuyar da kai don takaici. Tun daga bakin titi.

Ta daɗe tana harararsa.

"A'a," ta ce da ƙarfi, ita kaɗai.

Sannan ta tashi ta ɗauko shi, ta ɗauko sallaya, ta shimfiɗa a ƙasa, ta lanƙwashe kunnuwan furen ta naɗe shi a ciki. Ya shige, sai ɗan ƙarshen kara da ya leƙo. Ta tura shi da yatsa.

Da Walid ya warware sallayar ya ga abin da ke ciki, sai Larabcin ya gudu ya bar shi.

"Wallahi ba zan ɗauka ba."

"Ba za ka sa a kabari ba. Ba zai taɓa ƙasa ba. Ka tsaya a kanta, ka ɗaga shi sama, in gani, ka naɗe. Wane malami ne ya hana mutum riƙe abu a hannunsa?"

"Nadiya, abokaina suna zuwa wurin nan. Limamin unguwarmu yana zuwa."

"Ni na hau soro da shi duk Juma'a, unguwa tana kallo. Kai kana ina?"

"Ina aiki."

"Ni ma ina aiki. Na kai ta asibiti, na dawo da ita, na wanke wannan abin da hannuna alhali na tsane shi. Ban taɓa ce maka ka karɓe ni ba. Yau na ce. Kai ka shiga da ita, ka san inda take. Jibi ka tafi Yanbu da sanin a cikin kanka, ya narke a can, ni a bar ni ina yi wa fili sallama kamar yadda nake yi wa Baba."

Walid ya dubi Hala neman ceto.

"Kada ka dube ni," in ji Hala. "Ni da za a bar ni in shiga, a ka zan ɗaura shi."

Ya naɗe sallayar da kansa. Naɗin bai yi kyau ba, Nadiya ta karɓa ta sake.

Ranar ƙarshe ta riga kowa zuwa katanga. Ta zaɓi gurbin da fentin ƙarfensa ya ɗan ɓare, ta kafa ƙafa, ba ta matsa wa kowa ba. Hala tana hannun damanta. A hagu wata tsohuwa ce baƙa siririya, da carbi, tana motsa baki. Maza suka shiga, farare, sallaya a hammatar da yawa daga cikinsu. Aka daɗe. Waya shiru. Nadiya ta fara tsara irin maganar da za ta gaya masa in ya fasa.

Sai can nesa, wajen da ba ta taɓa zato ba, hagu sosai da inda ta yi ta kallo kwana biyun nan, wani abu ya tashi sama da kawunan mutane. Ruwan lemo. A cikin duk farin nan da tokar nan da ƙasar nan, ya fito kamar an kunna fitila. Tattabarun wurin suka watse. Kawuna suka fara juyawa.

"Shafa'atu ke nan," in ji Hala a hankali. "Ko a biki haka take shigowa."

Nadiya kuwa aiki take yi. Ta tsayar da kanta daidai ɓararren fentin, ta ja layi da ido daga nan zuwa furen, daga furen zuwa sandar fitila da ke bayansa, daga sandar zuwa kusurwar wani dogon otal a can ƙetare. Ta sake bi daga otal ta dawo. Ta rufe ido ta buɗe, layin yana nan. Walid bai sauke furen ba. Ta ga wani mai kula da wurin ya nufo shi da sauri-sauri, ta ga Walid ya gan shi, ta ga ya ƙara miƙa hannun sama.

Wayarta ta yi ƙara.

"Kin gani?" in ji Walid. "Don Allah ki ce kin gani."

"Na gani, Yaya. Sauke."

Furen ya nutse cikin fararen riguna. Wurin ya koma ƙasa da dutse kamar kowane. Amma sandar fitila tana nan, kusurwar otal tana nan, ɓararren fenti yana ƙarƙashin yatsanta.

Tsohuwar da ke hagu ta taɓo ta. Da ta buɗe baki sai ga Hausa, irin ta mutanen Chadi.

"'Yata, naku ne wancan abin?"

Nadiya ta ɗaga haɓa. "Namu ne."

"Maigidana yana ciki tun bara. Ɗana yana shiga yana ɗaga mini hannu, ni ban taɓa gane shi ba. A ina ake samun irinsa?"

Nadiya ta ja dogon numfashi. Shekara da shekaru tana karatu don kada a taɓa yi mata wannan tambayar. Hala ta juyo gaba ɗaya, ta harɗe hannu, tana jira.

"Wajen Bi'ir Ali, Iya. Shagunan kayan araha da ke bayan inda motocin alhazai ke tsayawa. Kada ki karɓi fari, kada ki karɓi mai ruwan madara, ko sun ce miki ya fi kyau. Ki ce su ba ki wanda ya fi kowanne muni."

"Wato dai ya yi kyau," in ji Hala.

"Bai yi ba, Hala."

Ta mayar da fuskarta ga ƙarfen, ta nemo sandar, ta nemo kusurwar, ta sauke ido kan ɗan tudun da ke tsakani, inda tattabaru suka fara dawowa.

"Assalamu alaiki, Umma," ta ce. "Ni ce."